Yadda zaka zaɓi bulowar busar da mota bayan wanki, musamman a garin Kano

Duk wanda yake wanke motarsa da kansa a gida, ko yake tsayawa yana kallon yaran kawash suna wanke masa, in ya lura zai ga ba wajen sabulu ake ɓata fenti ba, wajen gogewa ne. An gama ɗauraya sai yaro ya ɗauko tsohuwar riga ko tawul ɗin da ya goge rim da shi ɗazu ya hau murza bonet, garin nan kuma ƙura bata hutawa, kafin ya zagayo ƙofar baya wata ta riga ta sauka akan ruwan, yana murzawa yana jan yashi akan fenti. Siraran zanen nan masu zagaye da kake gani a jikin baƙar mota in rana ta haske ta, yawanci daga nan suke. In kuma kace a barta ta bushe da kanta toh ruwan bohal da na 'yan garuwa zai bar maka farin tabo ɗigo-ɗigo, don ruwan ya tafi amma gishirin da ke cikinsa ya zauna, balle unguwannin da ruwansu yake da zartsi. Shi yasa bulowa take da amfani, iska ce zata kore ruwan ba tare da komai ya taɓa fentin ba, kuma tana fito da ruwan da ya maƙale a bayan madubi da hannun ƙofa da giril, wanda sai ka hau titi zai fara zubowa yana yi maka layi a jikin ƙofa.

Sai dai bulowa kala-kala ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba don mota aka yi su ba. Ga yadda ni nake ganin ya kamata mutum ya bi.

Mataki na farko: duba inda kake wanki kafin ka duba aljihu

Wannan shi mutane suke tsallakewa kuma shi ne yake sa wani ya sayi abu mai tsada ya dawo yana cewa bata aiki. In a ƙofar gida kake wanki akan turɓaya, lungun da ba kwalta ba siminti, wallahi bulowa mai ƙarfi zata ƙara maka aiki ne, don iskar da ta daki ƙasan ƙofa zata sauka ƙasa ta taso da ƙura ta manna ta akan jiƙaƙƙen fenti. Dole ya zama ƙarƙashin motar siminti ne ko intalok, kuma ka jiƙa shi sosai har wajen taku biyu ko uku kewaye da motar kafin ka kunna. In babu wannan, ƙaramar bulowa ta lungu da saƙo kawai zaka saya, sauran jikin ka bar wa tawul mai kyau.

Sannan ka gwada fentin. Bayan ka wanke, zuba ruwa kofi ɗaya akan bonet ka kalla. In ruwan ya dunƙule ya zama ƙwallaye yana gangarewa da kansa, motarka tana da folish a jiki kuma bulowa zata share ta cikin 'yan mintina. In kuma ruwan ya baje ya kwanta ya manne, toh fentin a bushe yake, ko wace irin bulowa ka kawo ruwan zai dinga yawo ne daga nan zuwa can yana barin danshi a baya. Yawancin motocin da ake wankewa da omo haka suke, don omo yana cinye folish ɗin gaba ɗaya. Irin wannan motar ka fara kashe kuɗi akan shamfun mota da waks, ko irin na fesawa ɗin nan ne, sannan ka zo maganar bulowa.

Mataki na biyu: da wace wuta zaka kunna ta

Kar ka yaudari kanka a nan, ka tambayi kanka ranar Asabar da safe da kake wanki akwai wutar NEPA a unguwarku ko babu.

In kuna samun wuta daidai gwargwado, ko kana da janareta mai ɗan ƙarfi, mai waya ita ce mafi sauƙin kuɗi kuma bata gajiya. Cin wutarta ma ba wani abu bane, mai wat 1000 in tayi minti 10 tana aiki bata cinye ko kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya ba, ko kana Band A ne wannan bazai dame ka ba. Matsalar tana wajen janareta. Ƙaramin Tiger ɗin nan da aka rubuta 950 a jiki, abin da yake ɗauka a zahiri wajen wat 650 ne, ƙaramar bulowa mai wat 400 zuwa 600 kaɗai zai iya da ita, ita ma sai ka kashe sauran kaya. Mai 2.5kVA zai baka kusan wat 2000, kuma ka tuna duk abu mai moto yana fizgar wuta fiye da kima a lokacin tashi, don haka kar ka ɗora masa bulowar da take daf da iyakarsa alhali firij da famfon bohal suna kai. Masu sola da ƙaramar inbata su ma su duba ƙarfin inbatar tukuna, ta 1kVA ba ta wannan aikin bace.

Mai batir ita ce ta fi daɗin aiki, ba waya tana jan ruwa a ƙasa, ba tsoron shokin, kana zagaya motar yadda kake so. Amma lissafin batir ɗin nan ka iya shi don a nan ake cutar mutane. Ka ninka bolt da Ah, lambobi biyun da ake rubutawa a jikin batir, zai baka yawan wutar da ke cikin batirin, misali 18V sau 4Ah ya bada 72Wh, in bulowar tana jan wat 400 a ƙarshen gudunta kenan minti 10 zuwa 11 zata yi maka. Ya isa Corolla ko Civic ɗaya in hannunka ya saba, amma Sienna ko Hilux sai ka haɗa da dabara. Batir 2Ah rabin wannan zai baka, kana tsakiyar ƙofa ta biyu zai ɗauke. Don haka 4Ah shi ne mafi ƙaranci, 5Ah ko guda biyu ya fi.

Kuma 18V da 20V abu ɗaya ne, ƙwayoyin batir biyar ne a ciki, wani kamfanin yana rubuta ƙarfinsu lokacin da suka cika caji wani yana rubuta na tsaka-tsaki, kar wani ya ƙara maka kuɗi akan haka. Waɗanda ake rubuta wa 88VF ko 128VF a jiki kuwa, ɗan batir da bai fi tafin hannu ba, yawanci su ma ƙwayoyi biyar ɗin ne, lambar ado ce kawai. Na gaske masu 36V, 40V ko 56V zaka gansu da girma da nauyi da kuma tsada. In dama kana da diril ko giranda mai batir na wani kamfani, Ingco ne ko Total ko Makita ko DeWalt, nemi bulowar wannan kamfanin wadda ake sayarwa ba batir ba caja, ka rage kuɗi sosai, don batirin ne ya fi komai tsada a cikin kwalin.

Mai fetur ni dai bana ba mai gida shawararta. Ƙarfi kam akwai, amma yawancinsu irin injin da ake haɗa fetur da baƙin mai ne, hayaƙinta yana da maiƙo kuma kana tsaye da ita dab da motar da ka gama wankewa, ga ƙara da zata tashi layinku gaba ɗaya, ga kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023.

Mataki na uku: lambobin jikin kwali

Mai shago zai fara nuna maka wat, "Alhaji wannan 3000 ce". Wat yana gaya maka wutar da take ci ne, bai gaya maka iskar da take fitarwa ba, kuma a kayan da ba sunan kamfanin kirki lambar ma sau da yawa ƙari ce. Lambobi biyu ne suke da amfani.

Ta farko yawan iska, zaka ga an rubuta CFM ko m³/min. Ta biyu gudun iska, zaka ga mph ko km/h ko m/s. Gudun shi yake ɓamɓaro ruwan daga jikin fenti da cikin lungu, yawan kuma shi yake tura shi gaba a faɗi. Bulowa mai gudu sosai amma iskarta kaɗan kamar ka ce zaka share tsakar gida da tsinken tsintsiya guda ɗaya ne, inda ya taɓa zai fita tas amma yaushe zaka gama. Masu talla sun san mutane suna son babbar lamba shi yasa suke tsuke bakin bulowar gudun ya ƙaru su rubuta shi da manyan baƙi, yawan iskar kuma su ɓoye shi a gefen kwali ko su ƙi rubutawa sam. In babu CFM babu m³/min a ko'ina, har cikin takardar, ajiye ta.

Don ka iya kwatanta biyu da aka rubuta da ma'auni daban: 1 m³/min kusan CFM 35 ne, 1 m/s kuma km/h 3.6 ne ko mph 2.2 da ɗoriya. Ƙananan bulowar hannu irin ta masu gyaran kwamfuta da janareta suna bada wajen 2 zuwa 4 m³/min, wato CFM 70 zuwa 140. Manyan da turawa suke kore ganyen bishiya da su suna kaiwa CFM 350 zuwa 650. A ganina in kana son busar da mota gaba ɗaya ba tare da ranka ya ɓaci ba, nemi wajen CFM 400 zuwa sama da gudun da bai gaza mph 100 ba, wato wajen 45 m/s. Sama da 600 daɗi ne amma batir take sha kuma a tsakar gida mai ƙura sai ka dinga rage ta.

Wata lambar da ake ruɗa mutane da ita ita ce HP, wato ƙarfin doki. Doki ɗaya wat 746 ne, soket ɗinmu na gida mai 13A iyakarsa wajen wat 3000, kaga kenan doki huɗu ne ƙarshen abin da zai iya bayarwa. In ka ga an rubuta 6HP ko 8HP a abin da ake soka wa a bango, lambar talla ce, ka nemi wat ko amfiya na gaskiya a ɗan lakabin da ke manne a jikin injin.

Mataki na huɗu: wace iri ce taka

Ƙaramar bulowar hannu mai waya, wadda ta cika kasuwa. Ita ce mafi araha, ko'ina akwai ta, ko'ina ana gyara ta. Tana da kyau wajen madubi, giril, rim, bayan lamba, marfin tanki, kuma in babur ne ko adaidaita sahu ta ishe ka gaba ɗaya. Amma rufi da bonet na babbar mota zata ɗauke ka lokaci har ruwan ɗaya gefen ya bushe ya bar tabo kafin ka zagayo. In ita kuɗinka ya kai ba laifi, yi lunguna da ita ka ƙarasa da tawul. Abu ɗaya: yawancinsu suna zuwa da 'yar jaka ta zuƙar datti, in ka taɓa zuƙe yashin cikin mota da ita toh ragowar yana maƙale a farfela, ranar da ka juya ta kan fenti zata harbo shi. Wadda ka ware wa busarwa kar ta taɓa zuƙar komai.

Babbar bulowar ganye, mai batir ko mai waya. Ga mai mota ɗaya ko biyu a gida mai siminti, wannan ita ce zaɓina. Iskar tana da faɗi, minti kaɗan ka gama manyan wurare. Illarta doguwar hancin nan na roba mai tauri, yana da wahalar juyawa tsakanin mota da katanga kuma kuskure kaɗan ka ƙwala shi a ƙofa. Ka duba ko hancin yana cirewa, wasu ana samun gajeren baki na musamman da ake sa musu, in babu ka naɗe bakin da yankin tsohon tib ko ka zagaye shi da salatif mai kauri. Kuma yawancinsu basu da filta, abin da suka shaƙa ta baya shi zasu watso ta gaba, shi yasa maganar jiƙa ƙasa ba wasa bace, kuma lokacin hunturu da hazo ya sauko gara kayi aikin a cikin gareji ko ƙarƙashin rumfa.

Wadda aka yi don mota takanas. Ita wannan akwati ce ko gwangwani da take zaune a ƙasa ko a bango, da dogon tiyo da baki na roba mai laushi, tana da filta, kuma iskar tana fitowa da ɗumi saboda ta bi ta kan moto. CFM ɗinta bai kai na bulowar ganye ba amma tana da matsi sosai, kuma tiyon kaɗai kake riƙewa don haka hannu baya gajiya, kana shiga ko'ina da shi. MetroVac na Amurka suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan. Masu moto biyu sukan ci wat 2000 zuwa sama, kaga sai babban janareta ko wutar NEPA mai kyau. Ga mai kawash ko wanda yake sana'ar folish ita ce daidai. Akwai kuma wata dabara, injin da ake busar da gashin karnuka da shi a ƙasashen waje kusan ƙira ɗaya ne da wannan, tiyo da filta da rage gudu duk akwai, kuma ya fi araha a shagunan intanet. Kar hoton karen da ke jikin kwalin ya dame ka malam, sabo ne fil bai taɓa ganin kare ba. In yana da makunnin hita ka barshi a kashe ko a ƙasa, zafin Kano ya wadatar.

Kwamfireso irin na mai faci. Mutane suna ganin ƙarfinsa su ɗauka zai yi, amma iskarsa siririya ce, ƙaramin na gida CFM ɗinsa bai kai ko 10 ba, kuma tankin yana tara ruwa da tsatsa, wani har da mai, in ba'a sa masa matatar ruwa a bakin tiyo ba zai fesa maka su a jikin mota. Ga wanda dama yana da shi, ya yi lungu da shi daga nesa-nesa, ya dinga buɗe kusar ƙasan tankin yana zubar da ruwan. Kada a matsa shi kan robar gilas ko fitila don yana tura ruwa ciki ne maimakon ya fito da shi, kuma kada yara suyi wasa da shi a jikin mutum, iskar kwamfireso tana raunata mutum sosai.

'Yar ƙaramar nan mai cajin USB da ake ta tallarta a TikTok da Facebook tana kore ruwa daga bonet, ka lura motar da ke bidiyon ta sha folish ne har ruwa baya zama. Tana da amfani a madubi da dashbod da kibod, shi kenan. Handiraya ta gashi bata da iska, abin hura zafi na masu sitika da tintin kuma yana wuce digiri 500, zai ƙona fenti ya narkar da roba, kar ma ka fara.

Mataki na biyar: ƙananan abubuwan da zasu dame ka bayan wata ɗaya

Rage gudu da ƙarawa. Wadda take da kunnawa da kashewa kawai bata da daɗi, kana buƙatar cikakken ƙarfi a rufi amma a ƙasan ƙofa kusa da ƙasa sai ka sassauta. In tana da abin maƙale makunni yadda ba sai ka danne da yatsa ba, ya fi.

Nauyi. Ka ɗaga ta sama da kafaɗa da batirin a jiki ka riƙe na minti ɗaya a cikin shagon, don haka zaka riƙe ta in kana yin rufin jif. Kilo 2 zuwa 3 ana jurewa, abin da ya haura 4 zaka ji a jikinka. In Hajiya ce ko yaro zai dinga amfani da ita a rage.

Inda take shaƙar iska. Wadda take shaƙa ta baya tana kama riga, in kana sanye da jallabiya ko babbar riga zata dinga tsotse ta tana toshewa. Wadda take shaƙa ta ƙasa kuma ta fi ɗiban ƙura.

Ƙara. Duk abin da ya haura desibel 85 in aka daɗe ana ji yana cin kunne a hankali, manyan bulowa kuwa da yawa sun wuce haka a kusa da kunnen mai riƙe da ita. Mai mota ɗaya sau ɗaya a sati ba wata damuwa sosai, amma yaron kawash da zai wuni da ita a saya masa abin toshe kunne, kuɗinsa kaɗan ne. Kuma a duba lokaci saboda maƙwabta, ba bayan asuba ba.

Moto mai kabon ko mara kabon, wato 'yan gawayin nan biyu da suke gogar moton a ciki suna ba shi wuta. A masu batir nemi wadda aka rubuta brushless a jiki, wato mara kabon, bata cin batir sosai kuma ta fi daɗewa. A masu waya yawanci mai kabon ce, ba matsala bace don ana canzawa da araha, ka dai tambaya ko akwai kabon ɗinta a kasuwa, wasu ma suna zuwa da sifiya a kwali.

Mataki na shida: a kasuwa

Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da wajen France Road nan ne zaka fi samun kayan aiki irin wannan, ƙananan masu waya suna ko'ina, manyan masu batir da na mota takanas kuwa wani lokaci sai an yi maka oda daga Legas ko ka duba Jumia da Jiji. Duk inda zaka saya, kar ka biya sai an kunna.

Abu na farko da zaka duba a kayan Beljiyam da waɗanda aka ɗauko daga Amurka shi ne bolt. Wutarmu 230V ce 50Hz, ta Amurka 120V ce 60Hz. Bulowar da aka rubuta 120V in ka soka ta a bango nan take zata ƙone, kuma taransifoman da zai ɗauki wat 1500 ko 2000 kuɗinsa da nauyinsa sun isa su sa ka fasa cinikin. Masu batir ma ka juya cajar ka karanta, wata 120V ce kawai wata kuma 100 zuwa 240V, ta biyun ita ce taka. Batirin gwanjo kuwa caca ne, sai an cika shi an kunna a gabanka ka ga mintin da zai yi.

In an kunna, barta tayi minti biyu ko uku a ƙarshen gudu, ba daƙiƙa biyar ɗin da mai shago yake so ba. Saurari ko akwai karkarwa ko ƙarar gogar wani abu a ciki, shinshina ko akwai ƙaurin waya, leƙa ta ramukan gefe, ɗan tartsatsi kaɗan a mai kabon daidai ne amma in wuta tana zagaye moton ajiye ta. In da hali ka zuba ruwan leda ɗaya akan bonet ɗin motarka a ƙofar shagon ka gwada, wannan ya fi duk abin da aka rubuta a kwali. Jabun manyan sunaye suna da yawa, alamarsu rashin nauyi, siririyar waya, roba mai sheƙi da rubutun da yake gogewa da farce, da farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Gara ka sayi ɗan Chana mai sunansa na kansa da garanti akan jabun Makita. Karɓi rasit, kuma ku yi magana a fili kwana nawa zaka iya dawo da ita.

In mai waya ce ka haɗa da ekstenshan na kirki, mai kaurin 1.5mm ga ƙarama, 2.5mm ga mai cin wat 2000, ba irin farin nan na cajin waya ba. In na naɗewa ne a warware shi duka kafin a kunna don naɗaɗɗiyar waya tana zafi. Mahaɗar filogi kar ta kwanta a ƙasa cikin ruwa, rataye ta, sa takalmin roba, in kuma zaka iya sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka bireka mai yanke wuta in ta zube, irin ta 30mA, a layin da kake wanki, ka yi.

Mataki na bakwai: yadda ake busarwar

Wanki a inuwa, da safe ko bayan la'asar, don a bazara da zafi yake haura digiri 40 ruwan zai bushe akan ƙarfe kafin ka ɗauko bulowar ma. A ɗaurayar ƙarshe cire kan tiyon ka bar ruwan ya kwarara a hankali daga rufi, zai ja mafi yawan ɗigon ya sauka da su, in bokiti ne ka zuba a hankali kar ka watsa.

Kunna bulowar ka fara juya ta gefe na 'yan daƙiƙu ta fitar da ƙurar da ta kwana a ciki. Sannan daga sama zuwa ƙasa: rufi, gilasai, bonet da but, ƙofofi, bamba, taya a ƙarshe. Ka ba iskar gari baya yadda ruwan da ka kora bazai dawo maka ba. Riƙe bakin a karkace kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fenti, kana tura ruwan gefe guda, kar ka tsaya a tsakiyar bonet kana juya hannu ruwan ya rasa inda zai bi. A ƙasan ƙofa rage gudu kuma ka sa bakin ya kalli gefe ba ƙasa ba.

Bayan manyan wurare sai ka dawo lunguna, a nan ne kuɗinka yake fita: bayan madubi ka naɗe shi ka buɗe, hannun ƙofa, robar ƙasan gilas, gindin waifa, giril, kewayen fitilu, bayan lamba, tambarin kamfani, marfin tanki, ramukan notin taya. Ruwan da ya fito ka ɗauke shi da tawul ɗin maikrofaiba mai tsabta, dannawa zaka yi ba murzawa ba. Bakin ƙofa ta ciki da tawul daban zaka goge, in ka hura nan ƙura da ruwa zasu shiga kan kujera. Inda fenti ya fara ɓarewa, ko sitika ta ɗaga baki, ko inda fanel bita ya yi ciko ya tsage, wuce shi daga nesa don iska mai ƙarfi tana ƙarasa ɓare shi. Ka kula da zif da kan bel da agogo lokacin da kake miƙewa kan rufi, waya ko tiyo kuma ka ɗora a kafaɗa kar su goga a jiki. In ka ga faifan birki ya yi ja bayan wanki ba komai bane, tsatsar sama ce, taka birki biyu zuwa uku a layinku zata goge.

Ajiya

Ƙurar Kano tana shiga ko'ina, don haka bayan aiki a sa ta a jaka ko a mayar kwali, kada a jingine ta a gareji baki buɗe. Mai filta a cire soson a wanke a bari ya bushe sosai kafin a mayar, lokacin hunturu a yawaita. Mara filta a goge ragar baya da tsohon buroshin haƙori. Batir kar ya kwana a but ko ya wuni a mota cikin rana, zafi ne yake kashe batirin litiyom da wuri, kuma in ka gama aiki yana da zafi barshi ya huce kafin ka sa a caji, in zaka yi tafiya mai tsawo ka barshi da rabin caji ba a cike ba ba a ƙarshe ba. Masu kawash su dinga ba ƙananan masu waya hutu tsakanin mota da mota don ba'a yi su don wuni suna gudu ba. In ka ji ƙarfinta ya ragu ko tana ɗaukewa tana dawowa ko tartsatsi ya yi yawa, yawanci kabon ne ya cinye, a cire tsohon a tafi da shi kasuwa a samo daidai girmansa, kuma guda biyun ake canzawa tare.